Sayen mota a Gwarzo da Kabo: Farashi, takardu da ɗawainiyar da ke biyo baya

Titin da ya tashi daga birnin Kano, ya bi ta sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo da ta Gwarzo kafin ya faɗa Dayi a Jihar Katsina, shi ne jijiyar zirga-zirgar yammacin Jihar Kano. A kansa manomi yake kai hatsi kasuwa, ma'aikaci yake zuwa wurin aiki, a kansa kuma ake garzayawa da mara lafiya manyan asibitocin birni. Tsakanin Gwarzo da Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 70, don haka mota a wannan yanki takan zama jari ko abin rufin asirin gida guda.

Sai dai tun daga tsakiyar shekarar 2023 sayen mota ya zama al'amarin da kuskure ɗaya a cikinsa kan cinye tarin shekaru. Kuɗin da aka miƙa wa mai mota kashi ɗaya ne cikin uku na cinikin. Sauran biyun su ne ingancin takardunta da kuma abin da za ta riƙa ci bayan an kai ta gida.

Dalilan tashin farashi

Mafi yawan ƙananan motocin da ke bin titunan Najeriya ba a ƙasar aka haɗa su ba. Akwai zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, yake wadata ma'aikata da direbobin haya da 504. Yau ana haɗa motoci a kamfanin Dangote Peugeot da ke Kaduna da kuma Innoson da ke Nnewi, amma sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin masu saye. Kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Amurka da Turai, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, kuma da kuɗin waje ake sayo su.

A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, ya bar Naira ta nemi farashinta. Dala da take kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Misali, motar Dala 5,000 da lissafinta yake Naira miliyan 2.3 a tsohon farashi ta koma Naira miliyan 7.5, tun kafin a saka kuɗin jirgin ruwa da na fito da ribar mai shigo da ita. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin Jihar Kano na Naira 71,000, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2024, sai ya tara albashinsa kacokan na kusan shekara 9 kafin ya haɗa wannan kuɗi.

Kuɗin fito ma da canjin Dala ake lissafa shi, saboda haka faɗuwar Naira takan bugi mai saye sau biyu. A shekarar 2022 Hukumar Kwastan ta sanya kashi 20 cikin 100 a matsayin kuɗin fito a kan tsofaffin motoci, da ƙarin harajin kashi 15, ban da harajin kayayyaki na kashi 7.5 da ake karɓa tun 2020. A shekarar ce kuma ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, abin da ya rage damar sassauta ƙima a tashar jiragen ruwa.

Tsadar 'yar Kwatano ta ja farashin motocin hannu, wato waɗanda aka riga aka hau a cikin gida. Mai tsohuwar mota ya san abin da zai kashe kafin ya maye gurbinta, don haka ba ya sakinta da araha.

Hanyar da mota ta biyo

Shekaru da dama motocin da ake sayarwa a Arewa sukan sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano ta Jamhuriyar Benin, su haura Nijar ta Gaya, sannan su gangaro Katsina da Kano ta wajen Maraɗi. Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017. An rufe iyakokin gaba ɗaya a watan Agustan 2019, aka fara buɗe su a Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufe iyakar Najeriya da Nijar har zuwa Maris na 2024, ita kuwa iyakar Nijar da Benin ta ci gaba da zama a rufe bayan wannan lokaci.

Waɗannan matakai sun raba motocin kasuwa gida biyu: masu cikakkiyar takardar kwastan da waɗanda aka yi fasa-ƙwaurinsu ta barauniyar hanya. Na biyun sun fi araha, amma araha ba ta ado. Jami'an kwastan suna iya kama motar da ba a biya mata fito ba ko da ta yi shekaru a hannun wanda ya saye ta da zuciya ɗaya, kuma ko da tana ɗauke da lamba. A ƙarshen 2019 hukumar ta garƙame wuraren sayar da motoci a sassan ƙasar nan don binciken takardu, a Maris na 2024 kuma ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su je su biya. Lambar mota ba ta wanke ta daga bashin fito.

Dillali da la'adarsa

Manyan filayen sayar da motoci suna cikin birnin Kano. Mai saye daga Getso ko Garo yakan shigo birni da safe da niyyar komawa gida kafin dare, kuma wannan gaggawa ita ce rauninsa na farko. Sau da yawa bai san mai motar ba, dillali ne ya haɗa su, wani lokaci ma dillalai biyu ko uku ne a jere, kowa da abin da ya ɗora.

Dillanci sana'a ce ta halal mai tsohon tarihi a ƙasar Hausa, kuma dillali na gari yakan tsare mai saye daga asara. Matsala tana tasowa ne idan ba a fayyace la'ada tun farko ba, ko kuma idan dillalin ya hana mai saye ganawa da mai mota. Abin da ya fi aminci shi ne a ji farashi daga bakin mai motar, a yanke la'ada daban, a kuma biya kuɗin mota ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da sunan da ke kan takardu.

Lokacin ciniki ma yana da tasiri. A yankin noma kuɗi yakan zo hannu da kaka, sa'ad da masu nema suke da yawa. Da ƙaratowar damina kuwa wasu sukan saki motocinsu domin sayen taki da biyan 'yan ƙwadago. Wanda zai iya haƙuri da kuɗinsa yakan fi samun sauƙi a lokacin da masu sayarwa suka fi masu saye matsuwa.

Aibin da fenti kan rufe

Da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka sallama bayan haɗari ko ambaliya. Akan gyara bodinsu, a yi musu sabon fenti, su fito kamar ba abin da ya taɓa samunsu. Motar da ta sha ruwa takan yi lafiya na ɗan lokaci, sannan wayoyinta da na'urorinta su fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Alamominta sun haɗa da tsatsa a ƙarƙashin kujeru, da busasshen taɓo a ramin safaya, da warin danshi a cikin kafet. Kamfanoni irin su Carfax suna sayar da tarihin motocin Amurka ta intanet ga wanda ya shigar da lambar VIN, kuma kuɗin rahoton ba ya kai kuɗin taya ɗaya mai kyau.

Akan kuma mayar da agogon tafiya baya domin mota ta yi kama da wadda ba ta sha hanya ba. Cinyewar fatar sitiyari da robar birki sukan tona wannan asiri. Agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kimanin kilomita 1.6 ne, saboda haka mil 150,000 daidai yake da kilomita 240,000.

Sauran abubuwan da bakanike kan duba su ne hayaƙin injin idan an tayar da shi da sanyin safiya, da yadda giya ke shiga, da ko jakar iskar da ke tare direba a lokacin haɗari tana nan, da ko an cire abin tace hayaƙin salansa da makanikai ke kira indomi. Akwai kuma motocin da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma irin wannan sauyi idan ba a yi shi da kyau ba yakan zama sanadin haɗari. Bakaniken da zai yi wannan bincike ya kamata ya zama na mai saye, wanda ya taho da shi daga gida kuma shi zai ci gaba da kula da motar.

Takardun da ake nema

Takardar farko ita ce ta kwastan, kuma ana iya kai ta ofishin hukumar a Kano a tabbatar da ingancinta kafin a biya kuɗi. Sai takardar shaidar mallaka, da lasin mota, da takardar lafiyar mota daga jami'an VIO, da inshora. Lambar da ke jikin mota da ta injin dole su dace da abin da ke rubuce, harafi da harafi. Idan an ga alamar goge ko walda a wurin da aka buga lambar, barin cinikin ya fi alheri, domin dokar laifuffuka ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kayan sata yana da dalilin zargin na sata ne.

Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 ga motocin gida daga 1 ga Janairun 2023, tare da diyyar dukiya har Naira miliyan 3. 'Yan sanda sun fara tilasta mallakarta daga 1 ga Fabrairun 2025. Takardun bogi suna da yawa a wannan fanni, amma ana iya tantance ta gaskiya a rumbun bayanan inshora na NIID.

Motar hannu tana buƙatar ƙarin abu biyu: rubutacciyar yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da sa hannun shaidu, da sauya sunan mallaka a ofishin lasin. Mutane da yawa sukan bar mota da sunan tsohon mai ita saboda zumunci ko gudun kashe kuɗi, sai rigima ta taso ranar rabon gado ko ranar da jami'an KAROTA ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra suka tsare ta. A fiƙihun Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, amma kafa hujja a gaban alƙali yana wuya idan babu rubutu ko shaidu.

Bashi da biya a hankali

Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba da rance. Ga waɗanda ke gudun riba, akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Suna amfani da tsarin murabaha, inda banki zai sayi motar ya sayar wa abokin ciniki da sananniyar riba, a biya kashi-kashi. Sai dai sukan nemi shaidar albashi ko ta shigar kuɗi a kai a kai, abin da manomi da ƙaramin ɗan kasuwa ba kasafai suke da shi a rubuce ba.

Shi ya sa direbobin haya da yawa suke karɓar mota daga hannun masu hali bisa sharaɗin biyan wani adadi duk mako har ta zama tasu. Wajibi ne a rubuta jimillar kuɗin, da wanda gyara yake kansa, da makomar abin da aka riga aka biya idan direba ya gaza. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa masa shaidu.

Abin da mota ke ci

Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,000 a Oktoban 2024. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 tana buƙatar lita 14 domin zuwa Kano daga Gwarzo da komawa. A kan Naira 190 kuɗin bai kai Naira 2,700 ba, a kan Naira 1,000 kuwa ya zama Naira 14,000. Wannan ne ya rage wa manyan motoci masu silinda 6 farin jini, ya ƙara wa masu silinda 4 daraja. Mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnati ke ƙarfafawa tun 2023, yana rage kashe kuɗi, amma amfaninsa ya dogara ne da kusancin gidan da ake ɗura iskar.

Samun kayan gyara shi ne ma'auni na ƙarshe. Toyota Corolla da Camry da Golf da Sharon da Hiace sun yi kaka-gida a hanyoyin karkarar Kano ne saboda kayansu suna cike a Kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, kuma bakaniken garejin Gwarzo ya san cikinsu. Motar da ba a saba da ita ba, komai sauƙin farashinta, tana iya shafe makonni a gindin bishiya tana jiran ƙaramin ƙarfe daga Legas. Hanyoyin ƙauyuka da ke cika da taɓo da damina kuma suna buƙatar mota mai ɗan tsayi daga ƙasa.

Saboda haka masu dogon sani a harkar ba sa zuba duk abin da ke hannunsu a kuɗin mota. Sukan ware wani kaso domin sauya man injin da bel da tayoyi, da sabunta takardu, da gyaran farko da tsohuwar mota ba ta rasa nema a watanninta na farko a sabon gida.