Amosanin Gaɓɓai da Ƙwarin Ƙashin Baya a Jikin Mata

Amosanin gaɓɓai ciwo ne da ke cinye guringuntsin gaɓa, ya fi kama mata bayan sun daina al'ada. Sau da yawa awon na'urar DXA, mai auna ƙwarin ƙashi, kan nuna cewa ƙashin bayan masu ciwon ya fi na sauran mata ƙwari. Wani ɓangare na wannan ƙari ruɗi ne: tsiron ƙashi da ke fitowa a gefen gaɓɓan kwankwaso yana ɗaga sakamakon, har ya ɓoye zaizayar ƙashi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa iyakar -2.5 a ma'aunin wannan awo a 1994. Shi ya sa likitoci kan haɗa da awon kwatangwalo ga mata masu shekaru. Hauhawar sakamakon awon ƙashin baya ba ta hana karaya.