Tahoultine, Waƙar da Aka Naɗa a Sakkwato Ta Bi Wayoyi Har Amurka

In masu sharhin kiɗa na Amurka da Turai suka tashi kwatanta Mdou Moctar, sunan Jimi Hendrix suke kamawa, ko na Eddie Van Halen, saboda rugugin jitarsa da saurin yatsunsa. Har masoya kiɗan nan mai tsawa da ake kira heavy metal sun karɓe shi hannu biyu. Amma waƙar da ta fara fitar da sunansa waje ba ta da wannan rugugin ko kaɗan. A Sakkwato aka naɗe ta, a shekarar 2008, da irin kayan aikin da ake yi wa finafinan Hausa waƙa.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa a Nijar, an haife shi a tsakiyar shekarun 1980. Gidansu gidan addini ne, ba a maraba da kiɗa. Bayan ya ga Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita na Abzinawa, yana wasa, sai ya samo katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya riƙa koyo a ɓoye. Ga shi kuma bahago, abin da ya ƙara masa wahala, domin jitar bahago ba ta cika shigowa kasuwannin yankin ba.

A lokacin kiɗan jitar Abzinawa ya riga ya kafu. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta yi suna, a Agadas kuma da wuya a yi biki babu jita da janareto. Matashin da ke son ya bambanta da sauran sai ya zo da wani abu dabam. Mdou ya samo nasa a kudu.

Wanda ya san hanyar Tawa zuwa Ƙonni, a tsallaka Illela a gangara Sakkwato, ya san ba shanu da albasa kaɗai ke bin ta ba. Kaset da faifan finafinan Kano sun daɗe suna haurawa arewa, har akwai mawaƙa irin su Fati Nijar, 'yar Maraɗi, da suka sauko suka yi suna a Kano. A waɗannan shekarun waƙar nanaye tana tashe: fiyano ke ba da kiɗa da ganga gaba ɗaya, murya kuma a bi ta da Auto-Tune, manhajar da wani kamfanin Amurka ya fitar a 1997 don gyara kuskuren mawaƙi, wadda 'yan situdiyon arewacin Najeriya suka murɗa har ƙarshe, murya ta riƙa karkarwa tana sheƙi. Mdou ya shiga irin wannan situdiyo da jitarsa da waƙoƙinsa na Tamashek, aka yi musu irin aikin da ake yi wa waƙar fim. Kundin da ya fito shi ne Anar, a cikinsa kuma akwai Tahoultine.

Ba wani kamfani da ya buga kundin a lokacin. Waya ce ta ɗauke shi. Zamanin ƙananan wayoyi ne masu memori, inda ake zama a majalisa ko a tasha, wannan ya kunna waƙa, wancan ya ce a tura masa, a haɗa kawunan wayoyi a jira Bluetooth ya gama. Haka Tahoultine ta riƙa tsallake iyakoki a aljihun direbobi da fatake, ba kwali, ba hoto, wani lokaci ma ba cikakken sunan mai ita.

A garin Kidal na arewacin Mali ta haɗu da Christopher Kirkley, wani Ba'amurke daga birnin Fotlan, wanda ke musayar waƙoƙi da mutane yana kwafe abin da ke cikin wayoyinsu. Ya tattara wasu ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds, ya kuma sha wahalar neman mawaƙan ɗaya bayan ɗaya don a biya su haƙƙinsu. Da ya gano Mdou, ya kai masa jitar Fender ta bahagwai. Kirkley bai manta inda wannan sautin ya samo asali ba: a 2013 kamfaninsa ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa.

A nan nake ganin muna yi wa kanmu rashin adalci. Mun daɗe muna raina nanaye, muna cewa kwaikwayon Indiya ce, na'ura ce ke waƙar ba mutum ba. To ga shi wannan sautin da muke rainawa shi ne ya sa baƙo ya tsaya ya saurari waƙa guda cikin ɗaruruwa, ya kuma tashi neman mai ita. Masu haɗa kiɗa a ƙananan situdiyon Sakkwato da Kano da Kaduna sun ƙirƙiro salo nasu, kuma ya kamata a rubuta tarihinsu tun suna raye.

Daga nan al'amura suka yi sauri. Kundin Afelan ya fito a 2013, aka buga Anar a hukumance a 2014, sannan a 2015 Mdou ya fito a wani fim na Tamashek da aka ɗauka a Agadas, wanda aka gina kan Purple Rain na mawaƙi Prince. Ya kafa ƙungiya da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bes. Sai a wannan zangon ne ya ga bidiyon Van Halen a YouTube, ya ɗauki dabararsa ta buga wayoyin jita da yatsun hannu biyu a kan wuyanta, ya saka ta cikin kiɗan takamba da na bikin Agadas. Wanda ya saurari Ilana, da aka naɗa a Ditiroit aka fitar a 2019, zai ji Auto-Tune ya tafi, tsawa ta maye gurbinsa.

Kalaman ma sun yi zafi. Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, duka a kamfanin Matador, suna magana kan yadda ake kwashe arzikin Afirka. Ga ɗan arewacin Nijar wannan ba labarin nesa ba ne, domin tun farkon shekarun 1970 kamfanonin Faransa suka fara haƙar yuraniyom a Arlit, alhali garuruwa da yawa na ƙasar na kwana cikin duhu.

Ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum aka rufe iyakoki, Mdou da abokansa na Nijar suna tsakiyar rangadi a Amurka, suka rasa hanyar komawa gida. Cikin wannan zaman jiran suka shiga situdiyo a Niyok suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako. Aikin ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.