Shekarun da Iommi Ya Riƙe Black Sabbath

A watan Afrilun 1979 ne 'yan ƙungiyar Black Sabbath suka sallami mawaƙinsu Ozzy Osbourne, bayan shekara goma suna tare tun daga unguwar Aston ta birnin Birmingham a Ingila. Shaye-shaye ya riga ya ci ƙarfin zumuncinsu, faifansu biyu na ƙarshe kuma ba su gamsar da masoya ba, don haka mutane da yawa suka ɗauka ƙungiyar da ta aza harsashin kiɗan metal ta gama yayi. Sai ga Ronnie James Dio, wanda ya baro ƙungiyar Rainbow, ya shigo da murya mai faɗi da tsabta, a watan Afrilun 1980 kuma aka fitar da Heaven and Hell, faifan da ya dawo musu da martaba, Mob Rules ya biyo baya a 1981.

Zaman lafiyar bai daɗe ba. Dio ya tafi a 1982, mawaƙa suka yi ta shiga da fita, har ya zama daga cikin mutum huɗun farko babu wanda ya rage sai Tony Iommi, makaɗin jitar da injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu tun yana ɗan shekara 17. A wannan lokacin ƙunci ne ya ɗauko Tony Martin, ɗan Birmingham da duniya ba ta san shi ba, kuma a nan ne, a ganina na wanda ya daɗe yana saurarensu, aka yi aikin da aka fi tauye wa haƙƙi. Headless Cross, wanda ya fito a 1989 da Cozy Powell a kan ganguna, faifai ne mai duhu da nauyi, wanda kiɗansa ke tafiya sannu a hankali, ba don rashin ƙarfi ba, sai don makaɗan sun san inda suka dosa. Brian May na ƙungiyar Queen ya kaɗa jita a waƙa ɗaya daga ciki. Amurka ta juya musu baya har aka katse rangadinsu saboda ƙarancin masu sayen tikiti, amma a ƙarshen shekarar Mosko da Leningrad suka tarbe su dare bayan dare. A 1990 Tyr ya biyo, ya jingina da tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai.

Dio ya dawo a madadin Martin suka fitar da Dehumanizer a 1992, mafi zafin faifan wannan zamani, amma a watan Nuwamba ya ƙi hawa dandamali don share wa Ozzy fage a garin Costa Mesa na Amurka, tafiyar ta sake watsewa. Martin ya koma, aka yi Cross Purposes a 1994 da Forbidden a 1995, wanda ko masoya na gaskiya sun yarda sautinsa ya yi rauni.

Dio ya rasu ranar 16 ga Mayun 2010. A 2013, Iommi yana jinyar ciwon daji, shi da Ozzy da Geezer Butler, uku daga cikin mutum huɗun farko, suka fitar da 13, faifansu na farko da ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Fayafayan zamanin Martin kuwa sun yi shekaru ba a samunsu a kasuwa, sai a 2024 aka tattara huɗu daga ciki da sunan Anno Domini, bayan Iommi da kansa ya zauna ya sake haɗa sautin Forbidden.