Jirgin Masha'ir: Yadda Aka Kafa Tashoshin Sama na Mina, Muzdalifa da Arfa

Layin dogo bai taɓa isa Illela ta Jihar Sakkwato ba. Wanda Turawa suka shimfiɗo daga Zariya a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, daga nan zuwa Sakkwato har bakin iyakar Birnin Ƙonni sai dai mota. Shi ya sa maniyyata da yawa daga wannan yanki a Mina suke fara ganin jirgin ƙasa da idonsu, yana wucewa a bisa ginshiƙan kankare ta saman tantuna. Wannan shi ne jirgin Masha'ir, mai tsawon layi kilomita 18 da 'yan kai, da tashoshi tara: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa.

Tsakanin waɗannan wurare ba wani nisa ba ne. Lokaci ne ke matsa wa mutane. Da rana ta faɗi ranar 9 ga Zulhijja, kusan mutum miliyan biyu, wata shekarar ma fiye, za su tashi daga Arfa gaba ɗaya su nufi Muzdalifa. Tsofaffin alhazai na ba da labarin yadda ake kwana cikin bas, hayaƙi ya turnuƙe, direba ya kashe inji ya jira, wasu har alfijir ya keto ba su sauka sun tsinci tsakuwa ba. Ga kuma turmutsitsi. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim, a 2006 sama da 340 suka rasu wajen jifan Shaiɗan. Bayan wannan ne aka rushe tsohuwar gadar Jamrat aka gina mai hawa-hawa, sannan gwamnatin Sarki Abdallah ta juya kan maganar jigila.

A watan Fabrairun 2009 aka ba kamfanin China Railway Construction Corporation kwangilar, kan riyal biliyan 6.65. Wa'adin ya yi tsauri ƙwarai, domin ana son jirgin ya ɗauki alhazai a Hajjin 1431, wato Nuwamban 2010. An cika alkawari, amma kamfanin ya ji jiki, don da bakinsa ya sanar da hasarar fiye da yuwan biliyan huɗu a kan aikin. A shekarar farko jirgin bai yi aiki da cikakken ƙarfinsa ba, alhazan Saudiyya da na ƙasashen Larabawa maƙwabtanta aka fi ɗauka. Daga 2011 aka faɗaɗa.

Ɗaga layin sama dabara ce da wurin ya tilasta. Mina kwari ne matsattse tsakanin duwatsu, kowane taƙi nata akwai tanti ko hanya ko masu tafiya da ƙafa. Da an shimfiɗa dogo a ƙasa, da ya raba kwarin biyu, kuma ba shingen da zai hana jama'a tsallakawa. Da aka ɗora shi kan ginshiƙai, ƙasa ta zauna ga masu ƙafa da motocin asibiti.

Tsarin tashar ne ya fi burge ni. Tashar birni da aka saba, mutane na zuwa jefi-jefi, wannan ya hau wancan ya sauka. A nan kuwa dubbai ne ke zuwa lokaci guda, a gajiye, cikin harami, da tsofaffi da masu keken guragu. Don haka aka yi tsawon kowace tasha wajen mita 300, daidai da jirgi mai tarago 12 da ke cin mutum 3,000. Kowane tarago na da ƙofa biyar a gefe guda, ƙofa 60 ke nan suke buɗewa tare. Kafin alhaji ya kai bakin jirgi, sai ya bi ta filin jira a ƙasa, a duba awarwaron tikitin da ke hannunsa, sannan a saki ayarinsu su hau ta doguwar gangara marar matakala, masu rauni kuma su hau lif. A sama akwai ƙofofin kariya tsakanin mutane da dogo, ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya cak. Hanyar masu shiga daban, ta masu fita daban, ba inda za su yi gaba da gaba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙofar masallacin Idi ke cushewa idan masu fita suka haɗu da masu shigowa ya san abin da ake gudu. Da wannan tsari ake iya kwashe mutum 72,000 cikin awa ɗaya zuwa ɓangare guda, tafiyar Mina zuwa Arfa kuma ta koma kamar minti ashirin. Tasha ta ƙarshe a Mina an haɗa ta da gadar Jamrat, mai jifa ya sauka daga jirgi ya miƙe zuwa hawan sama ba tare da ya shiga cunkoson ƙasa ba.

Gudanar da jirgin ya sauya hannu. Sinawan da suka gina shi su suka fara tuƙa shi, kamfanin Prasarana na Malesiya ya karɓa na wasu shekaru, yanzu yana hannun kamfanin jiragen ƙasa na Saudiyya, SAR. Jirage 17 ne, kuma kusan mako ɗaya kacal suke ɗaukar fasinja a shekara, sauran watannin na gyara ne da gwaji da horar da ma'aikata. Wasu na ganin wannan ɓarnar kuɗi ce. Ban yarda ba. A Hajjin shekarun nan jirgin kan ɗauki fasinja kimanin miliyan biyu idan aka haɗa zuwa da dawowa, kowanensu kuma an ɗauke shi daga rana da hayaƙin titi.

Sai dai jirgin bai game kowa ba. Turmutsitsin 2015 a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina ya faru, tsakanin masu tafiya jifa da ƙafa, shekara biyar bayan buɗe tashoshin. Nijeriya ta rasa ɗaruruwa, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, Jihar Sakkwato kuma na cikin waɗanda suka fi zaman makoki. Allah ya jiƙansu da rahama. Har yau alhazanmu da yawa da bas ake kai su Arfa, jifa kuma da ƙafa suke zuwa.

Kira na ga hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin alhazai na jihohi shi ne, duk lokacin da za a zauna da Saudiyya kan masauki da jigila, a sa maganar gurbin jirgi a gaba, musamman domin tsofaffi da mata. Malaman bita kuma, daga Illela har Gwadabawa da Gada, su riƙa koya wa maniyyata kiyaye lokacin da aka tsara wa ayarinsu da bin hanyar da aka ware musu, kamar yadda suke koya musu ɗaura harami.