Lissafin sittin na Sinawa da sunayen shekarun Damargu

Yau wata kalmar Ingilishi ce ta jawo mu cikin tarihi, kalmar da ko masu yaren ba su cika amfani da ita ba: sexagenary. Mu da muka yi lakkol da Faransanci ba mu sha wahalar gane ta ba, don mun san sexagénaire, mutum ɗan shekara sittin da ɗoriya. Dukansu daga Latinanci suke, daga kalmar da ke nufin sittin. Sai dai a Ingilishi an fi jin ta idan ana zancen tsohon lissafin shekaru na ƙasar Sin.

Ga yadda abin yake. Sinawa suna da jerin alamomi 10 da suke cewa na sama, da wani jerin 12 na ƙasa, wanda aka haɗa da dabbobi: ɓera, sa, damisa, zomo, har zuwa kare da alade. Kowace shekara tana ɗaukar ɗaya daga nan, ɗaya daga can, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Da yake goma na riga goma sha biyu ƙarewa, na farkon wannan ba ya sake gamuwa da na farkon wancan sai bayan shekara 60. Tun zamanin daular Shang, sama da shekara 3000 da suka wuce, ana samun alamomin a rubuce jikin ƙasusuwa, amma a lokacin kwanaki ake ƙirgawa da su. Shekaru daga baya ne. Juyin juya halin da ya kawo ƙarshen sarautar Sin a 1911, har gobe da sunan shekararsa ake kiransa, Xinhai.

To, ina ruwan Damargu? Ai Sinawan ma maƙwabtanmu ne tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a watan Nuwamba 2011, cikin karamar hukumar Ollelewa. Amma ba wannan ne ya tsayar da mu ba. Zagayen sittin da suke ciki yanzu ya fara ne a 1984, zai sabunta a 2044. Kun ji 1984. Su a wurinsu shekarar ɓera ce, mafarin sabon lissafi. Mu kuwa a nan ita ce El Buhari: damina ta ƙi, rumbuna suka bushe, dabbobi suka yi ta faɗuwa a hanyar kudu, sannan Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya tun watan Afrilu, hatsin da ake sa rai daga can ya yanke. Damargu da ake kira rumbun hatsi, ita ce 'ya'yanta suka watsu neman abin kaiwa baki. Ba gwamnati ce ta raɗa wa shekarar suna ba, talakawa ne, kuma sunan ya zauna.

Nan bambancin yake. Basine ya san sunan shekara tun kafin ta zo. Kakanninmu sai ta wuce, an ga abin da ta yi, sannan a sa mata suna. Haka aka sami Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, da shekarar fara ta 1931. Haka tsofaffi ke cewa "lokacin yaƙin Kawsan", suna nufin 1916 zuwa 1917 da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. Shi kansa Kawsan ɗin haihuwar Damargu ne. 'Yan uwanmu Abzinawa sun fi kowa ƙwarewa a wannan, kusan kowace shekara da sunanta, kuma na wannan dangi ba lalle ya zo ɗaya da na wancan ba. Al'adar ba baƙuwa ba ce a Musulunci ma: da Shekarar Giwa muka san haihuwar Manzon Allah (SAW).

Idan kuma zagaye ake nema, muna da namu. Watan azumi yana ja baya da kwana kusan 11 kowace shekara, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya dawo yanayin da ya bari. Tsohuwar da ta ce maka ta ga azumi ya faɗo cikin bazara sau biyu, ba tatsuniya take yi ba, shekarunta take faɗa maka.

Abin da ke damunmu shi ne, nasu a rubuce yake, namu a bakin tsofaffi. Ku duba takardun iyayenmu, nawa ne aka rubuta musu "né vers"? Ma'aikaci ya kalli fuska ya yanka shekara. Da sunayen nan ne ake gyara irin wannan: an haife ka kafin El Buhari ko bayanta, kana goye ko kana kiwo? Amma yaron da aka haifa bayan matsalar abinci ta 2005, in ka ce masa Kakalaba, sai ya ɗauka sunan gari ne.

Saboda haka muna roƙon mutanen Tanut, Gangara, Falanko, Tenhiya, da na Tarka a gundumar Balbeji: ku zauna da tsohon gidanku, ku tambaye shi sunayen shekarun da ya sani da abin da ya faru a kowace. Ku aiko mana da sunan, da garin, da yaren da aka faɗe shi. Za mu karanta su a shirin, mu jera su da shekarun bature gwargwadon yadda suka dace.