Mata a Makarantar Ranger ta Sojojin Amurka

Makarantar Ranger tana cikin makarantun horon soja mafi tsanani a Amurka. Kwas ɗinta yana ɗaukar kwana 61 zuwa 62 a matakai 3: sansanin Fort Benning, duwatsun arewacin jihar Jojiya, sai fadamun Florida. Ɗalibi yakan yi tafiya mai nisa da kaya niƙi-niƙi a baya, ga yunwa ga ƙarancin barci, kuma a haka ake auna yadda yake jagorantar 'yan uwansa.

Tun kafa ta a farkon shekarun 1950 har zuwa 2015 maza zalla take ɗauka. A watan Afrilun 2015 aka shigar da mata 19 a matsayin gwaji. Biyu daga cikinsu, Kyaftin Kristen Griest da Laftanar Shaye Haver, matuƙiyar jirgin yaƙi mai saukar ungulu, sun kammala ranar 21 ga Agusta bayan maimaita wasu matakai. Manjo Lisa Jaster, mai shekara 37, ta bi sahunsu a watan Oktoba.

A watan Disamba na shekarar, Sakataren Tsaro Ash Carter ya buɗe wa mata dukkan guraben yaƙi. A 2016 Griest ta zama mace ta farko jami'ar sojan ƙafa a rundunar Sojojin Amurka.