Auduga da Gasar Ciniki a Hanyar Shika

Wanda ya tashi daga Sabon Garin Zariya ya kama hanyar Funtuwa, zai fara ratsa Samaru, sa'an nan ya isa Shika. Tafiyar ba ta da nisa, ko mai keke ya gama ta da hantsi. Amma wuraren nan uku kowanne yana ɗauke da tambarin da cinikin duniya ya buga masa, kuma auduga ce ta haɗa labarinsu.

A zamanin da, ƙasar Zazzau ta yi suna wajen noman auduga. Mata su gurza, su kaɗa da mazari, maza su saƙa, fatake su ɗora wa jakuna su nufi marinan Kano. Baturen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, da ya zo Kano cikin 1851 ya tarar tufafin ƙasar Hausa suna kai wa har Tambutu da Tarabulus. A lokacin nan abokin gasar masaƙi maƙwabcinsa ne. Ya san shi, ya san hannunsa, kaya kuwa ba su wuce saurin jaki da raƙumi ba.

Can Ingila kuwa an riga an ƙago injunan kaɗi da saƙa masu aiki da tururi. Masaƙun Manchesta suka dogara ga audugar Amurka, har yaƙin basasar da aka yi can daga 1861 zuwa 1865 ya yanke musu ita, ma'aikata suka sha wuya ƙwarai. Tsoron kada haka ta sāke faruwa yana cikin abin da ya sa masu masaƙun suka kafa ƙungiyar noman auduga, watau B.C.G.A., cikin 1902, suka sa ido ga Nijeriya ta Arewa. Jirgin ƙasa ya iso Zariya cikin 1911. Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha, Turawan ciniki suka buɗe kantuna, ƙungiyar kuma ta kafa injin gurzar auduga.

Karon farko dai bai yi wa Turawa daɗi ba. Masaƙan gida sun fi su sayen auduga da tsada, don haka manomi ya kan kai wa wanda ya fi biya. Manoman Kano ma suka juya ga gyaɗa. Da Turawa suka ga ba su ci kasuwa da kuɗi ba, sai suka koma ga iri. Aka kawo wata auduga mai suna Allen, asalinta daga Amurka, mai dogon sili wanda inji ya ke so, aka gwada ta a gonar Maigana, aka shiga raba anguryarta ga manoma kyauta. Cikin 1922 aka kafa gonar gwaji ta Samaru, cikin 1928 kuma aka buɗe gonar dabbobi ta Shika domin kyautata irin shanu. Wajen lokacin nan ne malaman gona suka fara koya wa mutane huɗa da garmar shanu, don mutum ɗaya ya iya nome fili mai faɗi.

Sannu a hankali auduga ta riƙa bin jirgi zuwa Ikko, akoko da alawayyo suna dawowa da araha, mazari yana ja da baya. Su ma Turawan Manchesta ba su tsira ba. Japan ta kafa nata injuna, ma'aikatanta kuwa ba su da tsada, yadinta ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma, har cikin 1934 Gwamnatin Ingila ta ƙayyade yawan wanda za a shigo da shi. Wanda ya kā da masaƙin Zazzau da inji, ga shi wani ya zo ya kā da shi da inji, sai da doka ta cece shi.

Shugabannin Jihar Arewa sun lura da wannan, suka ce a saƙa audugar a gida. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kaduna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Wadansu suka biyo baya, har da babbar masaƙar U.N.T.L. ta mutanen Hong Kong cikin 1964. Gonar Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, tana fid da sababbin iri. Sarƙar ta haɗu ke nan: iri daga Samaru, noma a ƙauyukan Shika da Giwa, gurza a Zariya da Funtuwa, saƙa a Kaduna. Dubban magidanta suka ci abinci da ita shekara da shekaru.

Cikin 1986 al'amari ya juya. Gwamnati ta rushe hukumar sayen auduga, wadda ta ke tsai da kuɗi da raba iri, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyaran inji da na rini da a ke sayowa waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, tilas kowace masaƙa ta ƙona mai don ta ba kanta wuta. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya cikin 1995, ta ɗage hanin shigo da yadi cikin 1997. Ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar cikin 2001.

Sababbin dabaru kuma suka rage nisan duniya. Kwantena, watau akwatin ƙarfe da a ke ɗagawa daga jirgin ruwa a ɗora wa mota ba a kwance kaya ba, ta sa kuɗin dako ya ragu ainun. Zaren roba da a ke yi da man fetur ya rage bukatar auduga. Kwamfuta tana kwaikwayon zanen atamfa cikin ɗan lokaci. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ɗauki hoton atamfa da wayarsa, ya aika Guangzhou, bayan 'yan watanni kaya su sauka Kwatano, su ratso Nijar, su shigo Kano. Masaƙar farko ta Kaduna ta rufe cikin 2002, U.N.T.L. ta tsaya cikin 2007. Manoma da yawa na wajen Shika da Giwa suka bar auduga, suka kama masara da waken suya.

Yanzu gasa ta kai har cikin ƙwayar iri. Cikin 2018 Gwamnati ta yarda a saki iri biyu na auduga da aka sarrafa halittarsu don su kashe tsutsar da ke cin ƙwallo. Kamfanin Mahyco na Indiya ne ya kawo su, aka gwada su tare da masanan Samaru. Irin nan aure ne, ba a ajiye anguryarsa a shuka baɗi, sai manomi ya sāke saye kowace shekara. Ita ma gonar Shika, wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa cikin 1976, ta fid da kaza mai ƙwai da a ke kira Shika Brown, mai jure zafin ƙasar nan, don a rage dogara ga irin kajin ƙetare.

Mai karatu ya duba labarin nan tun daga farko. Ƙasar noma tana nan, hannu ma yana nan, amma kowane karo wanda ya ci kasuwa shi ne mai inji mafi sauri, da hanya mafi araha, da ilmin da ya ke sabuntawa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Masaƙin Zazzau ya taɓa rinjayar Manchesta a kasuwar auduga domin yana da mai sayen tufarsa. Jikansa ba zai koma ga auduga ba sai ya ga iri mai kyau a hannu, da wuta a masaƙa, da mai saye a bakin gona.